Yadda ake zaga Santambul a yini ɗaya, daga Turai zuwa Asiya

'Yan kasuwarmu da yawa kan sauka a unguwar Laleli, su saro kaya, su kai kargo, su juyo gida ba tare da sun ga Santambul ba, alhali tsohon birnin yana nan bakin ƙofar masaukinsu. In ka samu yini ɗaya, ga yadda za ka yi.

Da farko ka sayi katin Istanbulkart a injin da ke tasha, ka zuba masa kuɗi. Da shi ake hawa taram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari), bas da jirgin ruwa. Tasi kuwa ka rabu da ita, cunkoso zai cinye maka rabin yini.

Ka yi sammako ka hau taram T1 zuwa Sultanahmet, ka fara da Ayasofya. Sarkin Rumawa Justinian ne ya gina ta a matsayin coci, aka kammala a 537. Da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 ta zama masallaci, a 1934 aka yanke a mai da ita gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla a ciki. Ka ɗaga kai ka dubi manyan faifan nan masu rubutun zinare, ɗauke da sunan Allah, na Annabi (SAW), na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta.

Daga nan sai ƙafa. Ka bi titin Divanyolu zuwa Kapalıçarşı, rufaffiyar kasuwar da aka kafa tun zamanin al-Fatih, mai shaguna wajen 4,000. Ba ta ci ranar Lahadi. Mai shago zai miƙo maka shayi a ɗan kofin gilashi. Ka sha abinka, shan shayi ba ya wajabta ciniki. Ka taya ƙasa sosai. A ganina ma kallo ake yi a nan, saye kuwa sai ka gangara ta Mahmutpaşa, inda 'yan gari ke sayayya, 'yan dako sun duƙa da himilin kaya a gadon baya suna neman hanya, kyanwoyi na barci kan dilar yadi ba mai korarsu.

Gangaren zai kai ka Eminönü, bakin ruwa. Ka ci balık ekmek, gasasshen kifi da albasa cikin burodi, ka hau gadar Galata inda masu fatsa suka yi sahu. Hattara: in buroshin mai wankin takalmi ya faɗi a gabanka, wuce abinka. In ka tsinta masa, "godiyar" da zai yi maka da goge takalmi kuɗi ce za ka biya.

Bayan la'asar ka shiga jirgin ruwan Üsküdar. Ka riƙo simit, burodin zobe mai riɗi, ka zauna a waje. Tsuntsayen teku za su cafe gutsuren a iska. Cikin kamar minti 20 ka bar Turai ka taka Asiya. Ka yi magariba a masallacin Mihrimah Sultan da ke daura da tashar, aikin magini Sinan na 1548.

Ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari a Eyüp ka ware mata wata safiya daban, kada ka cusa ta nan.

Komawa daga Üsküdar kuma, jirgin ƙasa na Marmaray da aka buɗe a 2013 zai bi da kai ta ƙarƙashin mashigin ruwan Bosforus, wanda ya raba Turai da Asiya, zuwa Sirkeci, can ka kama T1 zuwa Laleli.