Kurakuran da muke yi in mun kai wasa wurin yaran da suka baro gida

Ƙungiyarmu ta 'yan teyatur, wato wasan kwaikwayo, tana nan Damagaram, kuma muna zuwa wurin yaran da hali ya jefo garin: waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Diffa da Barno, da yaran ƙasar Kance da Magarya da ake maidowa daga Aljeriya ta Assamaka da Agadas tun ƙarshen 2014. Duk kurakuran nan mu ma mun taɓa yin su.

Mafi muni shi ne ɗaukar abin da ya sami yaro a mai da shi wasa a gabansa. Mun taɓa shirya wasa kan gudun hijira, da bindigar kara da rawani, wani na dukan gwangwani a matsayin harbi. Manya suka yi ta tafi. Wata yarinya kuwa ta shige bayan zanen uwarta tana rawar jiki, kuma sai da aka yi sati uku kafin ta sake leƙowa. Har yau abin yana ci mani rai. Yanzu yara ke zaɓar labari, galibi Gizo da Ƙoƙi suke so, ko gaɗa, ko langa. Kuma su ke fitowa fili, mu muna riƙe masu kiɗa. In yaro ya soma ba da labarinsa da kansa, a saurara, kar a tona. In an ga yana firgita ko ya daina magana, a gaya wa iyayensa, a haɗa su da ma'aikatan lafiya ko na kare yara. Wannan ya fi ƙarfin ɗan wasa.

Sai zaton cewa kowa na jin Hausa. Yaron Bosso ko Ngigmi na jihar Diffa wataƙila Barbarci ne bakinsa, wani Fulatanci, wanda ya girma a Tamanrasat ta Aljeriya kuma Larabci ya fi kama masa. A soma da tafi da rawa da kwaikwayon dabbobi, sannan a roƙi yaron ya koya mana waƙar garinsu. Ranar da ya ga manya suna tuntuɓe da harshensa yana gyara masu, ranar yake sakin jiki.

Kar a faɗa unguwa da ganga ba sallama. A je wurin mai unguwa, a ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, sannan a zauna da iyaye mata. "Inna, yaushe yaran ke da sarari?" Ita za ta faɗa maka lokacin ɗebo ruwa da na talla. Alhamis da Juma'a ba makarantar allo, kuma a watan Afrilu da Mayu ba mai tara yara kafin la'asar.

Hoto kuma, a bar shi. Iyalin da ya gudo yana da dalilin ɓoye inda yake, kuma yaron da aka maido daga yawon bara ba ya son a san shi da wannan a Facebook.

Rabon alewa da biskit ga baƙi kaɗai yana haifar da gaba, don yaran masu masauki ma ba a ƙoshe suke ba. A haɗa su fili ɗaya, a daina kiran wasu "'yan gudun hijira" a gaban 'yan uwansu. Kowa yana da suna.

Akwai kuma zuwan rana ɗaya, 16 ga Yuni don ranar yaran Afirka ko 20 ga Yuni don ranar 'yan gudun hijira, a ce "sai mun dawo", shi ke nan. Yaran nan sun sha ganin mutane suna ɓacewa. Mu dai mun rage buri: mutum huɗu, ganga ɗaya, kowace Alhamis bayan la'asar. In ɗayanmu zai yi tafiya, yakan gaya wa yaran tun kafin ya tashi, har da ranar dawowarsa.