Yadda ake haɗa kiristal mai ruwa-ruwa na allon feroilektirik

Ɗan'uwa, in kana karatun sinadarai a nan Jidda, ka ji Larabawa na cewa billaura sa'ila. Abu ne mai malala kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar sahun salla. Nau'in feroilektirik (mai ƙwayoyin da lantarki ke juyawa tsakanin matsayi biyu), wanda Robert Meyer da abokan aikinsa suka samar a Faransa a 1975, ya fi na allon talabijin ɗinmu saurin juyawa nesa ba kusa ba.

Fara da biro da takarda. Ƙwayar tana son ƙashin baya mai tauri, zoben benzin biyu ko uku, da jela mai laushi kowane gefe. Jela ɗaya dole ta zama "mai hannu", wato ita da surarta a madubi sun bambanta kamar dama da hagu. Galibi daga 2-oktanol ake ɗauko ta. In babu ita, aikin banza ka yi.

Jelar farko, wadda ba "mai hannu" ba, ba ta da wuya: fenol, alkil buromaid da fotasiyam kabonet cikin asiton, a bar su su kwana suna tafasa.

Haɗa ɓangarorin biyu (mai jelar farko da mai jela "mai hannu") da DCC da DMAP, sinadaran da ke ɗaure su, cikin ruwan daikuloromitan, a nan ake yin ta. Ruwan nan a digiri 40 yake tafasa, ga kuma danshin Jidda da DCC ba ya shiri da shi. Busar da kwalabe a oban, toshe baki, sa safar hannu, ka tsaya gaban akwatin zuƙar hayaƙi. In ka ga farin gari yana kwanciya, aiki na tafiya. Tace shi ka zubar.

Sai tsarkakewa: bututun silika, sannan narkarwa a etanol mai zafi ya sake ƙanƙarewa, sau biyu ko uku. Na taɓa gaggawa a nan, mako guda ya tafi a banza, don ƙazanta kaɗan kan sauke ma'aunin zafin da ake nema.

Tabbatar da abinka da na'urorin NMR (mai nuna tsarin ƙwaya) da DSC (mai nuna zafin da abu ke sauya yanayi). A madubin ƙara girma mai tace haske, sanyaya shi a hankali. Za ka ga zane kamar mahuci; idan ya tsattsage, alama ce ƙwayoyin sun karkata, wato yanayin da ake kira simektik C. Karkatar da allo ke so digiri 22.5 ce.

Sinadari ɗaya ba ya yin allo, sai an gauraya da yawa. A zuba gaurayen tsakanin gilashi biyu masu tazarar maikiron 2 ko ƙasa (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), dabarar Clark da Lagerwall ta 1980. Ranar da iska ta taso da ƙura, ni ba na buɗe gilashin.