Yadda Ake Gane Ko Shirin Kula da Yara Masu Asma Yana Aiki a Tawa, Nijar

Yawan tarukan faɗakarwa da hotunan da aka ɗauka ba sa nuna halin da ƙirjin yaro yake ciki. Yaran za a auna, kafin a fara shirin, sannan duk bayan wata uku.

A yi wa uwa tambayoyi huɗu a kan makonni huɗun da suka wuce. Shin tari ko shessheƙa na kama yaron da rana fiye da sau biyu a mako? Ciwon na tashinsa cikin dare? Yana shaƙar salbutamol, wato Ventoline, maganin buɗe ƙirji, fiye da sau biyu a mako? Ya hana shi wasa ko zuwa makaranta? In babu "i" ko ɗaya, ciwon ya lafa. Uku ko huɗu, da sauran aiki.

Kada a tsaya ga tambayar "kin iya ba shi maganin?", don kunya kan sa a amsa da to. A ce ta gwada a gabanka. Ta girgiza kwalbar maganin, ta sa bakin kwalbar a ramin da aka huda a gindin gorar roba mai rabin lita, ta fesa sau ɗaya kawai, yaron ya ja numfashi sau biyar zuwa shida ta bakin gorar. Nan ake yawan kuskure: a fesa biyu a tare, ko kai tsaye a baki, maganin ya tsaya a maƙogwaro. Mai shaƙar beklometazon, maganin hana ciwon tashi, kuma ya kurkure baki bayan haka.

A ƙirga kwalaben salbutamol. Kowace na ɗauke da fesawa 200. Yaron da ya ƙarar da uku a shekara yana cikin haɗari.

Babban tarko shi ne lokaci. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu na tayar da ciwon, saboda haka wanda ya auna a Janairu ya sake a Yuni zai ga sauƙin da ba shirin ne ya kawo ba. Janairu da Janairu ake kwatantawa.

A duba littafin CSI, wato ƙaramin asibiti, da kyau, domin sau da yawa ana rubuta shessheƙar asma a matsayin namoniya, a ba da amoksisilin. A rubuta kwanakin da magani ya yanke, da ko har yanzu ana goya yaron a bakin murhun itace ko ana kunna turaren wuta inda yake kwana. Waɗanda suka daina zuwa, a bi su gida a ji dalili, don in an cire su daga lissafi sakamakon zai yi kyau a takarda kawai.