Yadda Ake Buɗe Ƙaramin Wurin Jinyar Allura a Kaduna, Har Ya Samu Jama'a

Bahaushe ya san ƙaho, ya san askar wanzami. Amma ka ce za ka kakkafa masa siraran allurai a gadon baya, ba ɗigon magani a cikinsu, sai ya dube ka sau biyu. Wannan ita ce akufanca, jinyar da ta samo asali daga ƙasar Sin. Mai son buɗe wurinta a Kaduna ya sani cewa kafin kuɗin haya, yardar mutane zai fara nema.

Fara da ilimi da takarda. Kwas ɗin mako biyu a intanet ba ya mai da mutum gwani, domin allurar da ta zarce a ƙirji ko saman kafaɗa tana iya huda huhu. Ka zauna a hannun ƙwararre, ka san tsarin jikin ɗan Adam sosai. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke sa ido kan irin wannan jinya, don haka ƙofarta za ka fara ƙwanƙwasawa. Daga nan sai rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sai izinin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, duk kafin ka kafa allo.

Wuri kuwa, ɗaki biyu sun wadatar: na jira da na aiki. Kada ka kama saman bene, don yawancin masu zuwa ciwon baya da gwiwa ne ya kawo su. Haya a Malali ko Unguwar Rimi da tsada. Kawo, Tudun Wada da Rigasa sun fi sauƙi, ga jama'a. Ko ina ne, ya zama inda Keke Napep ke sauke mutum a bakin ƙofa. Tanadi fanka mai caji, tunda mutum zai kwanta minti 20 zuwa 30 da allurai a jikinsa. Ware wa mata ranakunsu, da labule mai kauri da mace a ɗakin. Idan babu wannan, Hajiya ba za ta dawo ba, kuma ba za ta faɗa maka dalili ba.

Sai tsafta, wadda a ganina ita ce rabin sana'ar. Allura sau ɗaya ake amfani da ita. Wanke hannu a gaban majinyaci, ka goge fatar da auduga da sifirit, ka yage ledar allurar yana gani, ka ce: “Baba, duba, sabuwa ce.” Ƙirga nawa ka kafa, ƙirga nawa ka zare, sannan ya ga ka jefa su a kwalin nan ruwan ɗorawa irin na asibiti. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin allurar da aka maimaita, mutane kuma sun san haka. Tambayi kowa ko tana da juna biyu, ko yana shan maganin tsinka jini, ko ya karya kumallo, don mai yunwa jiri na iya ɗibarsa. Wanda ya zo da ƙullutu, zazzaɓi mai zafi ko rama ba dalili, tura shi asibitin koyarwa na Barau Dikko nan take.

Wajen talla, kada ka bi sahun masu lasifika a kan mota, masu maganin cuta saba'in a kwalba ɗaya. Faɗi abin da allura ke taimakawa a kai: daɗaɗɗen ciwon baya da wuya, ciwon gwiwa, ciwon ɓarin kai. Kada ka taɓa ce wa mai suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa. Ɗan gajeren bidiyo da Hausa a WhatsApp da Facebook, kana nuna sirantar allurar kusa da ta asibiti, yana kashe tsoro fiye da dogon bayani. Hoton majinyaci sai da izininsa. Idan za ka kai talla rediyo, sai ta bi ta hannun hukumar kula da talla, ARCON, tukuna. Ka kuma ziyarci likitoci da masu gashin ƙashi na unguwarka, su san da zamanka.

Rubuta farashi a bango, ka gaya wa mutum tun ranar farko cewa zama ɗaya ba ya isa. Washegari buga masa waya: “Baba, ya ƙarfin jiki? An samu barci?” Rubuta amsar a littafinka, kusa da ranar da zai dawo.