Yadda ake gwada wayar lantarki da mitar gwaji ta hannu (multimeter) a gane ko ta tsinke

Yawancin yaran da ke zuwa koyon gyaran lantarki a shagonmu na Shara Mansur, a nan Makka, kunne suke ba mita, ba ido ba. In ta yi ƙara su ce lafiya lau, in ta yi shiru su ce kaya ya mutu.

Da farko zare filogi ko ka sauke bureka. Mita da batirinta take wannan gwaji, in ka ɗora ta a kan waya mai wutar 220 za ta iya ƙonewa. In mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a sauke cajin kafasita tukuna, don tana riƙe wuta ko an kashe.

Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da ke da alamar Ω. Murɗa zuwa alamar sauti, ka haɗa bakunan biyu. In ba ta yi ƙara ba, matsalar a mitarka take. Ni ba na sayen ta riyal ashirin, wayoyinta kan karye ta ciki.

Sannan cire ƙafa ɗaya ta abin da za ka gwada. In ka bar shi a haɗe, gwajin zai zagaya ta wata hanya ya yi maka ƙarya.

Ga inda na taɓa faɗuwa. Wata Hajiya ta kawo hitar ruwa, na gwada ƙarfen zafin, shiru. Na ce, "Hajiya, ya tsinke, sai sabo." Ta biya, aka canja, ruwa bai yi zafi ba. Ashe na'urar daidaita zafin ce ta mutu. Ƙarfe mai wat 1200 a wutar 220 yana da om (Ω, ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta) kusan 40, mitata kuwa ba ta ƙara sai ƙasa da 30. Lambar tana nan ɓaro-ɓaro a fuskar mita, ban duba ba. Daga aljihuna na mayar mata da kuɗinta. Don haka duba fuska: OL ko 1 a gefen hagu, ko da ka murɗa zuwa babban ma'aunin Ω, hanya ta yanke. In lamba ta fito, hanya tana nan, ko da babu ƙara. Haka naɗin wayar fanka yake.

Fis ɗin cikin filogi mai ƙafa uku kuwa ba wuya, taɓa kai da kai. Doguwar waya, murɗe bakunanta biyu a can ƙarshe, ka gwada daga nan, kana lanƙwasa ta kusa da filogi.