Matakan Dasa Itacen Furanni na Ado

Fara da zaɓen wuri. Yawancin masu fure suna son rana ta awa shida a kullum. A inuwa ganye kawai za su yi. Babbar bishiya a nisanta ta da gini da kamar mita biyar, don saiwarta na tsaga bango da daɓe. Ƙananan kuwa mita ɗaya tsakaninsu ya isa.

Sai a haƙa rami mai faɗin ledar da aka raini itacen a cikinta sau biyu, amma zurfinsa daidai da tsayinta. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: in aka binne gindin ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya, ɓawon yakan ruɓe, itacen ya mutu a tsaye.

A gauraya ƙasar ramin kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Da yamma, a tsaga ledar da reza a hankali, kada dunƙulen ƙasar ya wargaje. A saka, a cike, a danna da tafin hannu, a zuba ruwa bokiti guda. A rufe da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa gindin.

Makonni biyun farko a riƙa ban ruwa kullum, daga nan kuma ba a ba shi ruwa sai in ƙasar ta fara bushewa.