Yadda za ku jera rif ɗin gitar rok a fada ba tare da an tashi da faɗa ba

Asabar ɗin da ta wuce a fadarmu ta unguwar Zariya, tun daga shayi na farko har na uku gardama guda muke yi, wai wane rif ne ya fi kowane a tarihin kiɗan rok. Mu bakwai ne, biyu suna taɓa gita, sauranmu kunne ne kawai, amma kowa da nashi kuma kowa ya rantse nashi ne sarki. Ba yau muka fara ba, sai dai wannan karon mun samu hanyar da ta raba mu lafiya, shi ya sa na ce bari in rubuta ta don na san akwai ire-irenmu a Maradi da Tasawa har Katsina, ba mu da yawa amma muna nan.

Kafin komai ku fara yarda a kan mene ne ma rif ɗin, in ba haka ba wallahi har kiran assalatu ba ku gama ba. Ni in zan yi wa wanda bai sani ba bayani ce mishi nake take ne. Ka shiga filin kokowa na Kantu, makaɗi bai ko buɗe baki ba, ganga kawai ta yi magana amma duk filin ya san ɗan kokowar da ake kira. To haka rif yake, ɗan guntun kiɗa ne, sauti uku ko biyar ko bakwai, mai gita yana zagayowa kanshi yana sake zagayowa, waƙar duka a bisa shi take zaune kamar tukunya a kan murhu. Duk wanda ya taso yana jin kuntigin Ɗan Maraya Jos ya riga ya san abin ko da bai san sunan ba, tsirkiya guda ce, zagaye guda ne, amma da an kaɗa ka san ko wane ne. Solo kuma daban, shi ne inda mai gita ke sakin yatsu ya yi tafiyarshi sau ɗaya ba ya dawowa. Saboda haka in wani ya kawo Eruption na Van Halen na 1978 ku ba shi haƙuri, gwaninta ce ta gaske amma ba nan ne wurinta ba.

Sannan ku ɗauko takarda biyu, kar ku yarda da guda. A kan ta farko ku rubuta daɗi, a kan ta biyu ku rubuta tasiri. Nan ne duk rigimar take ɓoye, don mutum zai ce rif kaza ya fi kowane alhali abin da yake nufi shi ne wannan ya fara ji a kaset ɗin yayanshi yana ɗan lakwal, kuma ba laifi ba ne, kowa yana da irin wannan, amma son da kake wa abu bai sa ya canza yadda duniya take kaɗa gita ba. Takardar daɗi zuciya ce ke cika ta, takardar tasiri kuwa sai ka kawo hujja.

Ta daɗin ita ce mai sauƙi kuma gwajin baki ya ishe ta. A kashe waya, mutum guda ya rera rif ɗin da baki, sauran su faɗi sunan waƙar. In ba a gane ba ya sauka ƙasa. A wannan gwajin Seven Nation Army na The White Stripes, wanda ya fito a 2003, ba ya da na biyu, sauti bakwai ne kawai kuma har yaran da ke kallon Champions League a gidan kallo sun iya shi ba tare da sun taɓa jin sunan mai gitar, Jack White, ba, don magoya bayan Club Brugge na Beljiyam ne suka fara shiga da shi filin ƙwallo, ƴan Italiya suka ɗauke shi har suka ci kofin duniya na 2006 suna rera shi. Kuma ku lura, mutane da yawa suna zaton bas ne, a'a gita ce aka bi da ita ta wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa wanda ke saukar da sautin ƙasa. Smoke on the Water na Deep Purple shi ma yana wucewa cikin sauƙi. Sweet Child o' Mine na Guns N' Roses na 1987 kuwa, duk da kyan da mai gitarsu Slash ya yi mishi, baki yana wahala da shi don hawa da saukarshi sun yi yawa, a wurinmu ya rasa maki a nan kuma mai shi bai ji daɗi ba.

In akwai mai gita a cikinku sai ku ƙara gwaji na biyu, a kaɗa rif ɗin a busasshiyar gita wadda ba a haɗa da ampili, wato akwatin ƙara sauti, ba. Wanda ƙarar sifika ce kawai ke riƙe da shi nan take asirinshi ke tonuwa. A nan ne ma za ku ji abin da ya sa Back in Black na AC/DC na 1980 yake da nauyi, ba yawan sauti ba ne, shirun da ke tsakani ne, a buga a tsaya a buga a tsaya, kamar gogaggen makaɗin kalangu da ya san inda zai ɗaga hannu ya bar mai rawa ya cike gurbin da ƙafarshi.

To yanzu takardar tasiri, nan ne aikin yake kuma nan na fi so. Tambaya biyu za ku yi wa kowane rif kamar ana binciken aure: ɗan gidan wa ne, kuma su wa ya haifa?

Ɗauki Johnny B. Goode na Chuck Berry na 1958. Wasu za su ce ai wannan buɗe waƙa ne ba rif ba, mu dai mun bar shi ya shiga don kusan duk wanda ya ɗauki gita a Ingila da Amurka bayan shi sai da ya koye shi, Keith Richards mai gitar Rolling Stones da kanshi bai taɓa ɓoye cewa almajirin Chuck Berry ne ba. Amma in ka bi salsala za ka tarar mafarin nan Chuck ya ɗebo shi ne daga abin da Carl Hogan ya kaɗa a wata waƙar Louis Jordan ta 1946. Haka Whole Lotta Love na Led Zeppelin na 1969, wanda masu sauraron BBC Radio 2 suka zaɓa a 2014 a matsayin rif na ɗaya, kiɗan gitar na Jimmy Page ne ba gardama, amma baitocin sun jingina da waƙar da Willie Dixon ya rubuta wa Muddy Waters, har sai da aka kai ƙara a 1985 aka sasanta aka sa sunan Dixon. Ina faɗin wannan ne don raina yana ɓaci in na ga jeri babu ko baƙar fata guda na bulus a ciki, kiɗan baƙaƙen Amurka da rok ya fito daga cikinshi, alhali Mannish Boy na Muddy Waters na 1955 da Smokestack Lightning na Howlin' Wolf na 1956 su ne iyayen gidan. Ko ba su ci gasar ba ku ba su tabarma a gaba.

Wajen haihuwa kuma ni ban ga wanda ya kai You Really Got Me na The Kinks ba, 1964. Mai gitarsu Dave Davies yana saurayi bai kai shekara 18 ba ya sa reza ya tsaga takardar sifikar ƙaramin ampilinshi, sautin ya fito a fashe yana gurnani, ya dinga zamewa tsakanin damƙa biyu a wuyan gita, shi ke nan. Ka saurari wanga rif sannan ka saurari Smells Like Teen Spirit na Nirvana na 1991 ko Enter Sandman na Metallica na shekarar, za ka ji jini ɗaya ne ke gudu. Kafin shi akwai Rumble na Link Wray na 1958, kiɗa zalla ba baiti ko ɗaya amma wasu gidajen rediyo a Amurka suka ƙi sa shi don tsoron zai tunzura samari. Shekara guda bayan The Kinks sai Satisfaction na Rolling Stones, sauti uku, Keith Richards ya farka cikin dare ya ɗauka a kaset ya koma barci, shi a niyyarshi ma ƙahonni ne za su busa wurin, ya sa ɗan akwatin Fuzz-Tone mai fasa sautin gita ne kawai don ya nuna yadda zai kasance, sai aka fitar da shi haka, daga nan kowane yaro mai gita ya bazama neman akwatin.

Wani tarko da za ku kiyaye, labari ba maki ba ne. Smoke on the Water yana da labari mai daɗi, gobarar gidan caca na Montreux a Suwizalan a Disamban 1971 ana cikin wasan Frank Zappa, hayaƙi ya kwanta a kan tafki ƴan Deep Purple suna kallo, faifan ya fito 1972. Amma ba gobarar ce ta sa shi sama ba, abin da ya sa shi sama shi ne ɗan koyo na iya kaɗa shi ranar farko da ya riƙe gita, kuma ko shi yawanci ba daidai suke yi ba don Ritchie Blackmore mai gitar Deep Purple tsirkiya biyu yake fizga tare da yatsu. Labarin da ya cancanci maki shi ne wanda ya canza sautin kanshi, kamar na Tony Iommi na Black Sabbath da inji ya yanke wa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham yana ɗan shekara 17, ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma sirarun tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta su don rage zafi sai sautin ya ƙara duhu da nauyi. Iron Man na 1970 nashi ne, kuma duk masu kiɗan metal, wato rok mai nauyi, a inuwarshi suke. Ku kuma tabbatar da wanda ya ƙirƙira kafin ku yaba, Sunshine of Your Love na Cream na 1967 kowa Eric Clapton yake ambata alhali Jack Bruce mai bas ne ya kawo shi.

Da kun tace sai ku tsaida 16, ku rubuta a ƴan takardu a zuba a hula a ja ƙuri'a, bibbiyu bibbiyu kamar gasar takobi ta kokowa, wanda ya faɗi ya fita ba ƙorafi. Alƙalai su zama mara, biyar ko bakwai, don kar a yi kunnen doki. Daƙiƙa 20 na farko kawai za a sa, ƙarar ta zama ɗaya ga kowa don wanda aka ƙara wa murya kullum shi kunne ke ba gaskiya, kuma don Allah kar a ji ta bakin waya, a nemo sifika mai bulutut ko da ta aro ce, waya tana cinye ƙasan sautin gaba ɗaya. A sauke waƙoƙin tun da rana kar mega ya ƙare ana tsakiyar karawa. Kuma wanda ya kawo rif ba ya jefa ƙuri'a a karawarshi.

Akwai tambayar da ƙanena ya yi wadda ta tsaida mu: namu fa? Bombino ɗan Agadas, wanda Dan Auerbach na The Black Keys ya haɗa wa faifan Nomad a 2013, da Mdou Moctar bahago wanda ya ƙera gitarshi ta farko da wayar birkin keke, ya yi faifanshi na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinshi suka yaɗu daga waya zuwa waya ta memori tun kafin Turai ta san da shi. Kiɗansu duk zagaye ne a kan rif, Afrique Victime na 2021 ka ji shi da sifika mai kyau tsigar jikinka sai ta tashi. Abin da muka yanke shi ne a takardar daɗi suna shiga kai tsaye su kara da kowa, a takardar tasiri kuma a jira, don tasiri sai an ga jikoki kuma nasu yanzu suke tasowa.

A fadarmu dai ga yadda ta kaya. Takardar daɗi, Back in Black ya kada Whole Lotta Love da ratar ƙuri'a guda a kusa da ƙarshe, sannan Smoke on the Water ya kada shi a ƙarshe, ni na jefa wa Back in Black kuma har yanzu ina nan a kan bakana. Takardar tasiri You Really Got Me ya ɗauki takobi, Johnny B. Goode na biye, Iron Man na uku. Voodoo Child na Jimi Hendrix na 1968 ƙuri'a ce ta haɗa shi da Satisfaction tun zagayen farko ya fita da wuri, abin ya yi wa kowa ciwo, shi ya sa muka ce Asabar mai zuwa za a ware manya huɗu kar su haɗu sai can gaba, kuma ɗaya daga cikin masu gitarmu ya yi alkawarin zuwa da gurmin kawunshi mu ji ko Seven Nation Army zai zauna a tsirkiya biyu.